Tambihi Ga Malamai Da Almajirai A Kan Ƙurar Akokan, Da Raddi Ga Masu Cewa An Rufe Rami Magana Ta Ƙare

Da sunan Allah na fara, gare Shi na dogara. Godiya ta tabbata gare Shi, Wanda ya halicci abin da ido ke gani da abin da ido ba ya gani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka. Wannan takarda daga ɗan'uwanku ta ke, wani ƙaramin almajiri wanda ya zauna garin Arlit cikin ƙasar Abzin yana karantar da yara, zuwa ga malamai, Allah shi gafarta musu, da almajirai, Allah shi buɗa musu, da duk wanda ta faɗa hannunsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin da ya sa na rubuta ta, wata magana ce na ji tana yawo a bakin mutane, har ta shiga zaurukan malamai. Suna cewa an rufe ramin yuraniyam na Akuta tun 2021, ma'aikata sun watse, injuna sun yi shiru, saboda haka maganar guba ta ƙare. Ni kuwa na ce wannan ɓata ce, ko da mai faɗinta bai yi nufin ɓatar da kowa ba. Ramin aka rufe. Tsibin da aka fitar daga cikinsa a waje aka bar shi, iska kuwa ba a ba ta takardar sallama ba.

Na fara da laifin kaina, don kada a ce mai wa'azi ya manta da gemunsa. Shekarun da na yi can, kowace safiya sai yara sun karkaɗe alluna da tabarmi kafin a fara karatu, domin ƙura ta kwana a kansu. In wani ya yi mini zancen guba sai in yi dariya, in ce ƙura ai ƙura ce, ko a Kano hazo yana rufe rana. Wata rana na sayi wani bututun ƙarfe wurin mai gwangwan, na yi azarar rumfar makaranta da shi, yara suka yi shekara biyu suna karatu a ƙarƙashinsa. Ana nan sai wani saurayi, ɗan abokina, ya zo da wata 'yar na'ura kamar tafin hannu, wadda ke yin ƙara in ta ji tururin wannan ma'adini. A ƙofar gida tana ƙas, ƙas, jefi-jefi. Da ya kai ta bakin bututun sai ta ɓarke kamar an watsa gishiri a wuta. Na duba bututun, na shafa, na shinshina, ƙarfe ne kamar kowane ƙarfe. Tun ran nan na bar gardama a kan abin da ban karanta ba, na koma na yi ladabi gaban masu wannan ilmi. Ga abin da na samo.

Fasali na farko: daga ina tsibin ya fito

Ku sani, Allah shi yi muku rahama, a 1957 Faransawa masu neman jan ƙarfe suka tarar da yuraniyam a Azelik cikin ƙasar Agadas. Shi ne makamashin tashoshin nukiliya masu ba da wutar lantarki, da shi kuma aka ƙera bom ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945. Aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da kaya a Arlit a 1971. Aka kafa COMINAK a 1974, ya fara a 1978. Raminsa a ƙarƙashin ƙasa ya ke, zurfin mita wajen 250, a wurin da a ke kira Akuta, aka kuma gina garin Akokan kusa da Arlit domin ma'aikatansa. Masu hannu cikinsa sa'ad da ya ke aiki su ne kamfanin Faransa, wanda aka sani da Cogema, sa'an nan Areva, sa'an nan Orano tun 2018, da gwamnatin Nijar, da wani kamfani na Japan, da wani na Sifen. Mutane suka kwararo daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Yamai, suka tarar da Abzinawa masu ƙasa, har hamada ta zama mazaunin mutum wajen 100,000. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe Akuta, domin arzikin cikinsa ya ƙare.

Ga yadda aikin ya ke. Dutsen da a ke haƙowa, yuraniyam ɗin cikinsa kaɗan ne ƙwarai, kamar kilo 3 ko 4 cikin tan guda. Sai a niƙe dutsen ya zama gari, a jiƙa shi da ruwan asid mai ƙuna, irin wanda mu ke ce wa ruwan batir, ya narkar da yuraniyam, a tace, a busar, ya fito gari mai launin ɗorawa. A ɗura a ganguna, har 2023 kuma a kan ɗora a mota zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga nan sai ƙetare. Abin da ya rage laka ce, a kwarara ta a fili, rana ta busar.

Cikin shekara 43 COMINAK ya fitar da yuraniyam wajen tan 75,000. Lakar da ya bari wajen tan miliyan 20 ce, bisa fili mai hekta 120, kilomita kaɗan daga gidajen mutane. Almajiri ya ɗauki allonsa ya yi lissafi: kowane tan ɗaya da aka tafi da shi, an bar fiye da tan 250. Wannan na Akuta kaɗai ke nan, ban sa na SOMAIR a ciki ba.

Mata in sun surfa hatsi, albarka tana bin tsaba, dusa a ba awaki. Sai mutum ya zaci haka ya ke a nan, an ɗauke mai ƙarfin, saura ba kome. Al'amarin a juye ya ke. Yuraniyam uba ne mai zuriya. Yana rikiɗa sannu a hankali ya haifi wani abu, wannan ya haifi wani, ɗa bayan ɗa har hawa 14, kowannensu kuwa sa'ad da ya ke rikiɗa yana harba wani tururi wanda ba shi da launi, ba shi da wari, jiki kuma ba ya jin zafinsa. Injin uban kaɗai ya ɗauke, ya bar 'ya'ya da jikoki cikin laka. Masana sun ce fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin tururin da ke cikin dutsen tun asali yana nan cikin abin da aka zubar.

Daga cikin zuriyar akwai toriyam-230, wanda sai ya shekara wajen 75,000 kafin rabinsa ya ƙare. Shi ke haifar radiyam-226, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 1,600. Ku duba fa, daga Hijira zuwa yau ba a cika 1,600 ba. Duk radiyam ɗin da ya ƙare kuma, toriyam yana mayar da wani a gurbinsa. Radiyam shi ke haifar radon, shi kuwa radon iska ne, ba ya zama inda aka ajiye shi.

Fasali na biyu: yadda ƙurar ke yin ɓarna

Sa'ad da dutsen ya ke a dunƙule ƙarƙashin ƙasa, zuriyar nan a kurkuku ta ke. Radon ya kan mutu inda aka haife shi, domin kwana huɗu ba su cika ba rabinsa ke ƙarewa, bai sami ƙofar fita ba. Da aka niƙe dutsen aka baza shi a rana, an ɓalle kurkukun. Ƙasar kuwa kun san halinta: ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, babu ciyawar da za ta riƙe turɓaya, hunturu ya busa, guguwa ta taso, babu abin da ya tare.

Ɓarnar ta hanya biyu ta ke zuwa. Ta farko garin lakar kansa, wanda iska ke ɗauka da radiyam da toriyam a cikinsa, ya sauka bisa tuwo da randa da shanya da ganyen da awaki ke ci. Ta biyu radon, wanda ke tashi daga tsibin dare da rana ko babu iska. In ya rikiɗa sai ya bar poloniyam da wata irin dalma mai tururi, ƙanana fiye da ganin ido, su manne wa ƙurar da ke yawo, mutum ya shaƙa.

Mafi sharrin tururin da su ke harbawa shi ne wanda a ke kira alfa. Daga waje rarrauna ne, fatar mutum ta tare shi, ko takardar nan da ke hannunka. Amma cikin huhu babu fata. In ƙwayar ƙura ta maƙale can, sai ta yi ta sukar naman da ke kusa da ita, kamar gara cikin azara, daga waje itace lafiya lau. Ciwon ba ya bayyana a shekarar da aka shaƙa. Ya kan jira shekara 10, ko 20, ko fiye, har mutum ya bar aiki ya koma garinsu, sa'an nan tari ya tashi, ba wanda zai haɗa shi da Akokan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar radon yana cikin manyan sabubban sankarar huhu, in an cire taba shi ne a gaba, yana jawo kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na masu wannan ciwo gwargwadon ƙasa. Ta ce kuma ba a san wani ƙanƙancin awo ba wanda ƙasa da shi babu haɗari, mai shan taba kuwa haɗarinsa daga radon ya ninka na wanda ba ya sha wajen sau 25. Yaro ya fi babba kusa da ƙasa, a cikinta ya ke wasa, hannunsa kullum a baki, shekarun da ciwon ke jira kuma duk suna gabansa.

Ban ce kowane tari a Arlit daga tsibin ya ke ba. Akwai tarin fuka, akwai hayaƙin murhu, akwai hazon da Allah ya yi wa hamada tun kafin a haƙa rami. Wanda ya ce duk mutuwa daga nan ta ke ya wuce iyaka, kamar yadda wanda ya ce babu ko ɗaya ya wuce. Abin da zai raba gardama shi ne awo da rubutu, su ne kuwa abin da na zo nema.

Fasali na uku: shubuhohi biyar da jawabinsu

Ta farko. In ka ce, Allah shi gafarta Malam, mun karanta tun muna yara cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sāke ba, ƙasa kuma mai tsarki ce har taimama a ke yi da ita, yaya za ka hana mu abin da babu alamar kome a jikinsa? Sai in ce, babin tsarki daban, babin cuta daban. Sammu a cikin fura ba ya sāke launinta, ba kuwa malamin da zai ce a sha don ba najasa ba ce. In kana son shaida ta kusa, ka tuna Zamfara a 2010. Masu neman zinariya a ƙasar Anka da Bukkuyum suna niƙa dutse cikin gidajensu, ƙurar tana ɗauke da gubar dalma, yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Waccan dalma ce, ba yuraniyam ba, amma darasin ɗaya ne: iyayen nan suna kallon ƙasar tsakar gidansu ba su ga kome ba, mutuwa kuwa ba ta ragu ba sai da aka kankare ƙasar aka zubo wata, aka kuma ba yaran magani.

Ta biyu. In ka ce ajali ɗaya ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a Makka ya ke zai mutu, sai in ce gaskiya ne, ba mai ja. Amma malamanmu na fiƙihu ba su sallami wanda ya haƙa rami bisa hanyar jama'a ba don ajalin wanda ya faɗa ya yi. Sun ɗora masa lamuni. Mu da mu ke yanke wannan hukunci a kan rami mai gaba biyu, ina hujjarmu ta yin shiru a kan tsibi mai hekta 120? A ƙasar Jamus, wajen Shinebag, masu haƙar azurfa sun yi ƙarni bayan ƙarni suna mutuwa da ƙuruciya, suna ce wa abin ciwon dutse, suna haƙuri. Sai a 1879 likitoci biyu suka bincika gawarwakinsu suka tarar sankarar huhu ce, daga baya aka gane radon ne cikin ramukan. Haƙurin da suka yi bai rage mutuwa ba ko ɗaya. Sanin sababi shi ya sa aka fara hura iska cikin ramuka. Malamin da ya rufe bakin gwauruwa da kalmar ƙaddara kafin a tambayi sababi, ya sani ya yi wa mai laifi aiki kyauta.

Ta uku. In ka ce kamfanin yana da masu awo, ya kuma sha faɗi cewa abin da ke isa ga mutanen gari bai wuce iyakar doka ba, watau milisibat 1 a shekara bisa abin da ƙasa ke bayarwa da ma, sai in ce a kasuwar hatsi ba a barin mai kaya ya auna da tiyarsa cikin ɗaki, ya fito ya faɗa maka adadi. Ga abin da aka gani da wasu suka kawo tasu tiyar. Ƙungiyar Aghir In'man ta Arlit, wadda Almustafa Alhasan ya kafa, shi kuwa ma'aikacin ma'adinin ne, ta gayyato masu awo na CRIIRAD daga Faransa. Suka zo a Disamba 2003, aka riƙe manyan kayan awonsu a filin jirgin Yamai, duk da haka da 'yar na'urar hannu suka tarar da ƙarafa masu tururi ana sayarwa a kasuwar Arlit. A 2007 suka bayyana cewa akwai duwatsun rami masu tururi a titin Akokan. A Nuwamba 2009 Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta sami tururi kusan ninki 500 na abin da aka saba, ta kuma ɗebi ruwa a wuri 5, huɗu suka wuce iyakar yuraniyam ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Bayan an yi shela kamfanin ya kwashe wuraren da aka nuna. Madalla da kwashewa. Amma wa ya gano su, masu awon gida ko baƙi?

Mu mutane ne da ba mu zubar da abu. Katsin marina mu yi shafe da shi, toka mu yi sabulu, tsohon ƙarfe maƙeri ya mayar da shi fartanya. Wannan halin kirki shi ya zama mana tarko, ƙarfen masana'anta ya zama ƙofa da tukunya da azara, dutsen rami ya zama cikon hanya. Laifin ba na matar da ta sayi tukunya ba ne. Na wanda ya san abin da ke jikin ƙarfen ne, ya bar shi ya fita.

Ku ji kuma wannan. Wani Bafaranshe da ya yi aiki a Akokan daga 1978 zuwa 1985 ya mutu da sankarar huhu a 2009. Asusun lafiyar ma'aikata na ƙasarsu ya yarda ciwon aiki ne. A 2012 kotu ta ɗora wa Areva laifi, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta warware, bisa hujjar cewa ba Areva ne ya ɗauke shi aiki ba. Wannan mai likita ne da lauya da takardu. Leburan da ya shaƙi iska ɗaya da shi, ya koma ƙauyensu a ƙasar Tawa ya yi tari ya mutu, wa ya rubuta sunansa? In babu littafi sai a ce babu mamaci.

Ta huɗu, ita ce ta zamani. In ka ce yanzu kaya ya dawo hannun 'yan ƙasa, domin soja sun karɓi mulki a Yamai a Yulin 2023, a Disamba 2024 Orano ya ce ikon SOMAIR ya fita daga hannunsa, a Yunin 2025 gwamnati ta ce ta mayar da shi mallakar ƙasa, saboda haka mai tayar da wannan magana yana taimakon abokan gaba, sai in ce radiyam bai san tuta ba. Huhun yaron Akokan bai sami sauƙi ba don an sāke mai sa hannu a takarda. Ni ba na shiga shari'ar wa ya mallaki me, nawa shi ne wa zai rufe tsibin. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Kamfanin Faransa ya ci shekara 50, alhaki yana wuyansa, ficewa ba ta wanke shi ba. Gwamnatin Nijar ta kasance mai hannun jari tun farko, ta karɓi rabonta da harajinta, alhaki yana wuyanta, fushi da Faransa bai wanke ta ba. Abin tsoro shi ne kowanne ya nuna ɗan'uwansa da yatsa har shekaru su wuce, a maimaita tsohon zance: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Magani kuwa sananne ne. Sa'ad da aka rufe Akuta kamfanin ya yi alkawarin lulluɓe tsibin da yumɓu da dutse kaurin mita 2, aikin shekara wajen 10, kuɗinsa wajen sefa biliyan 95. Dabarar daidai ce, domin rufin yana hana iska ɗibar gari, radon kuma yawancinsa ya kan mutu kafin ya ratsa yumɓun. Amma a Janairun 2023, kusan shekara biyu bayan rufewa, CRIIRAD ta shelanta cewa lakar tana nan a buɗe. Alkawari ba ya tare iska. Ko an gama rufin ma, ku da ku ke da katangar ƙasa kun san abin da ke samunta in an bar yaɓe. Rufin da za a duba shekaru kaɗan a tafi, a kan gubar da ke lissafi da dubban shekaru, wa zai yaɓe shi bayanmu? A Amurka, a garin Mowab bakin kogin Kolorado, an bar tsibi irin wannan na tan miliyan 16. Tun 2009 gwamnatinsu ta shiga kwashe shi da jirgin ƙasa zuwa wani wuri mai nisan kilomita wajen 50, ana binnewa cikin ramin da aka shirya domin sa. Na Akokan ya fi wancan girma. In ran mutumin Mowab ya isa a kwashe dutse domin sa, ran mutumin Akokan ya isa a rufe, a kuma tsare rufin.

Ta biyar. In ka ce ni a Kano na ke, ko Zariya, ko Kumasi, ina ruwana, sai in ce 'yan'uwanka ne ke zaune can, a harshenka su ke ciniki. Ƙarfen gwangwan kuma a mota ya ke tafiya, ba ya tsayawa garin da aka yar da shi. Sa'an nan ka dubi naka gida. A tudun Jos da Bukuru, yashin da masu haƙar kuza suka bari yana ɗauke da ma'adini mai toriyam, masu bincike na jami'o'in Najeriya sun auna sun tarar tururinsa ya wuce na ƙasar da ke kewaye, mutane kuwa sun daɗe suna ɗiba suna gini. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa, amma ka fara miƙa masa butar.

Fasali na huɗu: abin da ya wajaba a kan kowa

A kan mahukunta da kamfani tare, abu biyar. Na ɗaya, a rufe tsibin Akuta duka, a faɗi ranar gamawa a bainar jama'a, a kewaye shi da shinge, a kuma soma shirin na SOMAIR tun ba a rufe shi ba. Na biyu, a bar masu awo waɗanda ba su cin albashin kowane ɓangare su auna iska da ƙasa da ruwa, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Tamashek, a manna shi a ƙofar kasuwa. Na uku, kada wani ƙarfe ko dutse ya fita daga wurin aikin sai an auna shi, a bi gidaje da makarantu da na'ura, abin da aka samu a musanya wa mai shi ba tare da tara ba, don kada tsoro ya sa a ɓoye. Na huɗu, a buɗe littafi na duk wanda ya yi aiki can, har leburorin 'yan kwangila, a riƙa duba ƙirjinsu ko'ina suka koma, wanda ya kamu a yi masa magani, wanda ya mutu a biya magadansa. Na biyar, a ware dukiya a tsare ta kamar waƙafi, wadda sabon mai mulki ba zai taɓa ba, domin gyaran rufin bayan mu duka mun shuɗe.

A kan masu gida, abin da hannu ke iyawa. A yayyafa ruwa kafin shara. A rufe abinci da randa. A wanke hannun yara kafin su ci. Kada a yi gini ko cikon tsakar gida da dutse ko yashin da ya fito daga wajen ramuka, kada a sayi ƙarfen da ba a san asalinsa ba. In guguwa ta taso a rufe tagogi, in ta lafa a buɗe, domin radon a rufaffen ɗaki ya ke taruwa. Kada yara su yi wasa ko kiwo kusa da tsibin. Mai shan taba ya bari, ya ga lissafinsa a sama. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya tafi asibiti, ya kuma gaya wa likita inda ya yi aiki. Waɗannan ragi ne kawai, ba su ɗauke nauyin kowa ba, kada wani mai mulki ya karanta su ya ce to ai talakawa sun sami abin yi.

A kan mu malamai, namu ya fi nauyi, domin mu a ke tambaya, mu ke wankan gawa, mu mu ka san gidan da aka yi ta'aziyya sau uku. Mu bar ba da jawabi a kan abin da ba mu karanta ba, kamar yadda na yi a ƙarƙashin bututuna. Mu zauna gaban mai na'ura ko da ɗan cikinmu ne. Mu faɗa a zaure da wurin suna da wurin ɗaurin aure. Mu kuma rubuta, da ajami da boko, cewa a wuri kaza kusa da Akokan akwai tsibin da ba a haƙawa, ba a gini a kansa, ba a tona rijiya kusa da shi, mu sa almajirai su kwafa su ba nasu almajiran. Kamfani ya sāke suna sau biyu a idonmu, gwamnatoci sun zo sun wuce. Littattafan da kakanninmu suka kwafa da alƙalamin kara kuwa har yau suna cikin gafaka. In akwai masu iya isar da gargaɗi ga jikan jika, mu ne.

Iyakar abin da na ke da shi ke nan. Wanda ya ga kuskure ya gyara da hujja, zan karɓa da godiya. Wanda ya ga daidai kada ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya kwafa ya miƙa gaba. Ku kuma ku sa mini yaran nan da suka yi karatu a rumfata cikin addu'a, domin har yau in na ji ɗayansu ya yi tari ba na barci. Allah shi ba masu ciwo lafiya, shi jiƙan waɗanda suka riga mu, shi ba masu mulki ikon sauke amana.

Tamat. Wassalamu.